Yadda Ake Tayar da Wakilin Tsaro Ya Tuntuɓi Uwar Garke

A ma'aikatar da ke da kwamfutoci masu yawa, banki ne ko jami'a ko kamfanin sadarwa, manhajar tsaro kashi biyu ce. Akwai 'yar ƙaramar manhaja da ake dasawa cikin kowace kwamfuta, wadda ake kira wakili, sannan akwai babbar kwamfuta a cibiya, wato uwar garke, wadda ke riƙe da ƙa'idojin tsaro, da ayyukan da ake son a gudanar, da rahoton halin da kowace na'ura take ciki. Aikin wakili shi ne ya karɓo umarni ya zartar, ya kuma kai labari. Jami'in da ke kula da tsarin yana zaune gaban allo ɗaya yana duba dubban na'urori, sai dai abin da allon ke nuna masa tsohon labari ne: halin da kowace na'ura take ciki a lokacin da wakilinta ya yi magana da uwar garke karo na ƙarshe. Haka ma umarnin da ya rubuta yanzu, ba ya isa ko'ina sai wakilai sun zo sun ɗauka. Rage wannan tazara a lokacin da ake bukata shi ne abin da ake nufi da tayar da wakili.

A yawancin manyan tsare-tsare, wakili ne yake fara magana. Yana da agogonsa, idan lokaci ya cika sai ya buɗe hanya zuwa uwar garke, ya gabatar da lambar shaidarsa, ya miƙa bayanan na'urar da yake ciki: sunanta, adireshinta na IP, wanda yake amfani da ita, sigar manhajar tsaro da ranar da aka sabunta bayanan gano ƙwayoyin cuta. Ya kuma sauke rahoton abubuwan da suka faru tun zuwansa na baya. Daga nan uwar garke ta duba ko akwai sabuwar ƙa'ida ko sabon aiki da ya shafe shi, ta ba shi, ya rufe hanya ya koma bakin aiki. Tsawon jiran ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A ePolicy Orchestrator na McAfee, wanda tun 2022 yake ƙarƙashin sunan Trellix, minti 60 ne idan ba a sauya ba. Configuration Manager na Microsoft ma minti 60 ne. Kaspersky Security Center minti 15, Symantec Endpoint Protection minti 5, wakilin ESET kuwa minti ɗaya ake saka masa tun daga farko, kodayake ana tsawaita shi idan na'urorin sun yi yawa. Intune, wanda Microsoft ke gudanarwa daga cibiyoyinsa ta intanet, yakan bar na'ura ta yi kusan awa 8 kafin ta sake leƙowa.

Dalilin ɗora wa wakili nauyin fara magana a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake kafa katangar tsaro. Katanga takan bar saƙo ya fita daga ciki, ta kuma bar amsarsa ta dawo, amma takan tare wanda ya zo daga waje ba tare da an gayyace shi ba. Ban da haka, uwar garke tana da adireshi ɗaya tsayayye da kowa ya sani, alhali kwamfutar tafi-da-gidanka yau tana ofis, gobe tana otal, jibi tana haɗe da wayar mai ita, kuma kowane wuri da adireshinsa. Ya fi sauƙi dubu goma su nemi ɗaya da suka san inda take, da ɗaya ta riƙa farautar dubu goma masu yawo. Akwai kuma dalilin tsaro: na'urar da ke karɓar umarni daga duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ta zama abin hari, amma wadda take zuwa da kanta wurin da ta sani, ta duba takardar shaidar uwar garke kafin ta yarda da ita, ta fi wuyar yaudara.

Awa ɗaya ba komai ba ce a ranar da babu abin da ya faru. A ranar da aka shiga ma'aikata kuwa, ta isa a rasa komai. Lokacin da muguwar manhajar NotPetya ta ɓarke a ranar 27 ga Yuni 2017, ta riƙa tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura cikin hanyoyin sadarwar kamfanoni da saurin da ya wuce tunanin masu kula da su. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk sai da ya sake girka kwamfutoci kusan 45,000 da manyan na'urori 4,000. A irin wannan rana, jami'in da ya gano alamar muguwar manhaja ya rubuta ƙa'idar toshe ta ba zai iya jira agogon kowane wakili ya cika ba. Akwai kuma bukatu na yau da kullum da ba su kai wannan zafi ba: an gyara ƙa'ida ana son a ga ko ta yi aiki, ko riga-kafin ƙwayoyin cuta ya kama wata manhajar albashi bisa kuskure ma'aikata sun tsaya cik, ko an sace kwamfuta ana son a kulle ta, ko masu binciken ƙa'ida sun zo suna neman rahoton yau.

Hanya ta farko ta tayar da wakili ita ce kiran farkarwa daga uwar garke. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan kira ba ya ɗauke da ƙa'ida ko umarni ko sabuntawa. Daidai yake da filashin da ake yi wa mutum a waya: babu magana a cikinsa, sanarwa ce kawai cewa a kira. Wakili yana sauraro a wata ƙofa mai lamba, idan saƙon ya iso sai ya ajiye jiran agogo ya buɗe hanyar da ya saba buɗewa zuwa uwar garke, ya yi duk abin da yake yi a zuwansa na ƙa'ida. A ePolicy Orchestrator ƙofar sauraron ita ce TCP 8081, hanyar komawa kuma 443, wadda ake kulle bayanan da ke bi ta cikinta. A Kaspersky uwar garke tana jefa ɗan saƙo ta UDP 15000, wakili kuma ya amsa ta TCP 13000. Hikimar wannan rabo ita ce, ko da wani ya ƙirƙiri kiran farkarwa na bogi, iyakar abin da zai samu shi ne wakili ya tuntuɓi uwar garkensa ta gaskiya kafin lokaci. Duk da haka ana iya saita wakilin McAfee ya ƙi sauraron kowa a wannan ƙofa sai uwar garke, kuma ya kamata a yi hakan, domin ƙofa buɗaɗɗiya a kan dubban na'urori ba abin wasa ba ce.

Idan jami'i ya zaɓi na'urori a allon ePolicy Orchestrator ya danna maɓallin farkarwa, ana tambayarsa abubuwa kaɗan da suke da muhimmanci fiye da yadda suke a ido. Na ɗaya shi ne tazarar warwatsawa, daga sifiri zuwa minti 60, wadda ke sa kowane wakili ya ɗauki wani lokaci na daban a cikin tazarar maimakon su taso gaba ɗaya. Akwai zaɓin a nemi cikakkun bayanan na'ura, domin a al'ada wakili yana aika abin da ya sauya ne kawai. Akwai kuma zaɓin tilasta masa ya sake sauke dukkan ƙa'idoji da ayyuka ko da yana ganin nasa sababbi ne, wanda ke da amfani idan ana zargin abin da ke hannunsa ya gurɓace. Sai adadin maimaita kira da jiran da za a yi tsakani. Zaɓuɓɓukan biyu na tsakiya suna ƙara wa uwar garke da rumbun bayananta nauyi sosai, don haka ba su dace da kiran gayya ba.

Wani abin da ke rikita sababbin jami'ai shi ne bambancin karɓar ƙa'ida da zartar da ita. Wakili yana da agogo na biyu wanda ke sa shi sake ɗora ƙa'idojin da ke hannunsa a kan manhajojin tsaro na cikin na'urar, ko da babu intanet, domin idan mai amfani da kwamfuta ya kashe wani abu a mayar da shi. Wannan zartarwa ba ta bukatar uwar garke. Saboda haka mutum zai iya danna maɓallin zartarwa sau goma a kan na'ura bai ga sauyi ba, domin sabuwar ƙa'idar ba ta iso ba tukuna, tsohuwar yake ta maimaitawa.

Inda ma'aikata ke da rassa, akwai wata dabara. Ana ɗaukaka wakili ɗaya a kowane reshe ya zama babban wakili. Uwar garke ta kira shi shi kaɗai, shi kuma ya yi shela ga dukkan na'urorin da ke ɓangaren sadarwa ɗaya da shi, a McAfee ta ƙofar UDP 8082. Amfanin shela shi ne ba ta bukatar sanin adireshin kowa. Duk na'urar da ke kunne a wannan ɓangare za ta ji. Iyakarta kuma ita ce ba ta tsallake na'urar rarraba hanya, don haka kowane ɓangare sai da nasa babban wakilin. Sau da yawa wannan babban wakili shi ne kuma yake ajiye kwafin sabuntawa don maƙwabtansa. Symantec yana da irinsa, Kaspersky ma haka. Lissafin mai sauƙi ne: reshe mai kwamfutoci 40 da za su sauke fayil mai megabait 100 kowacce zai ja gigabait 4 ta layinsa, amma idan ɗaya ta sauke ta raba wa saura, megabait 100 ne kawai zai bi ta layin. Ga reshen banki a ƙaramin gari a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar, wanda layinsa ke tafiya ta tauraron ɗan'adam ko ta rediyo kuma a kansa ake biyan kuɗin jama'a, wannan bambanci shi ne tsakanin aiki da dogon layi a bakin kanta.

Kiran farkarwa yana faɗuwa sau da yawa, kuma dalilan sanannu ne. Uwar garke tana kira ne ta adireshin da wakili ya ba ta a zuwansa na ƙarshe. Idan na'urar ta sami sabon adireshi tun daga lokacin, kiran zai tafi wurin da babu kowa, ko ya faɗa kan wata na'ura dabam. Idan tana bayan na'urar da ke ɓoye adireshin cikin gida, abin da ake kira NAT, uwar garke ba ta da hanyar isa gare ta sam. Wannan shi ne halin duk ma'aikacin da ke aiki daga gida, ko ya haɗa kwamfutarsa da intanet na wayar hannu, inda kamfanin waya yakan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda. Katangar tsaro ta cikin Windows ita ma takan tare ƙofar sauraro idan ba a buɗe ta ba. Sannan akwai dalili mafi sauƙi: na'urar a kashe take. Kiran farkar da wakili ba ya kunna kwamfuta. Wannan aikin wata fasaha ce dabam, Wake-on-LAN, wadda ke aika ɗan saƙo mai ɗauke da lambar katin sadarwar na'urar an maimaita ta sau 16, katin kuma ya tayar da kwamfutar idan an saita shi kuma akwai wuta a jikinsa. A ofishin da ake kashe janareta ƙarfe biyar na yamma, babu saƙon da zai tayar da komai sai gari ya waye.

Idan kira daga cibiya ya gagara, sai a bi hanya ta biyu, a tayar da wakili daga inda yake. Kowane kamfani ya tanadi hanyar hakan. A McAfee akwai 'yar manhaja mai suna cmdagent: idan aka bi ta da harafin p sai wakili ya tattara bayanai ya aika, da c ya nemi sababbin ƙa'idoji, da e ya zartar da waɗanda ke hannunsa, da s kuma ya buɗe taga mai nuna abin da yake yi layi-layi. Wannan taga ta ƙarshe ita ce abokiyar ma'aikacin gyara. A nan yake ganin wakili yana cewa ya fara neman uwar garke, ya gwada adireshinta na IP, ya gwada sunanta, sannan ko dai ya ce ya aika bayanai an karɓa, ko ya ce ya kasa haɗuwa zai sake gwadawa. Symantec yana da umarnin smc, Kaspersky yana da klnagchk mai duba lafiyar haɗin. Tunda wakili ne ke fita, wannan hanya tana aiki a bayan NAT da katanga. Aibinta shi ne sai an sami hannu a kan na'urar, ko na mai ita da aka kira a waya ana faɗa masa inda zai danna, ko na wata manhajar gudanarwa da ke iya isa gare ta. Wakili kuma yana da wasu dalilan tashi da kansa: idan aka kunna kwamfuta bayan ta wuce lokacin zuwanta, ko adireshinta ya sauya, ko ya ga wani abu mai haɗari. A wannan hali na ƙarshe ba ya ajiye rahoton sai zuwa na gaba, yana tura shi da gaggawa, kuma wannan saiti ne da bai kamata a kashe ba ko da ana neman rage cunkoso.

Matsalar isa ga na'urar da ke yawo ita ta haifar da hanya ta uku, wadda a yau ta fi rinjaye. Maimakon wakili ya rufe hanya bayan ya gama magana, sai ya bar ta a buɗe, yana aika ɗan saƙon "ina nan" lokaci-lokaci don kada katanga ta ɗauka an gama ta yanke. Tunda shi ya buɗe daga ciki, katanga ba ta hana uwar garke amsawa ta wannan hanya duk lokacin da ta so. Symantec ya daɗe da wannan zaɓi, inda ake iya sa wakili ya riƙe haɗi da uwar garke ko ya riƙa zuwa yana komawa. Microsoft ya ƙara wa Configuration Manager irin wannan hanya ta ƙofar TCP 10123, idan ta toshe kuma wakili ya koma hanyar yanar gizo ta yau da kullum. McAfee ya gina tsarinsa na DXL a kan MQTT, ƙa'idar aika saƙo marar nauyi da aka fara ƙirƙira a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, kuma ESET ma da ita yake aika kiran farkarwarsa. Riƙe haɗi yana da tsada a ɓangaren uwar garke, domin kowace hanya buɗaɗɗiya tana cin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa Kaspersky ya iyakance na'urorin da za a sa wa alamar kada su yanke haɗi da uwar garke zuwa 300, wato a keɓe wannan gata ga na'urori masu muhimmanci.

Wayoyin hannu sun ɗauki wani salon na wannan dabara. Ba a barin kowace manhaja ta riƙe hanyarta, saboda batir. Wayar tana riƙe hanya ɗaya zuwa ga kamfanin da ya yi tsarinta, Apple ko Google, duk mai son ya taɓa ta sai ya bi ta nan. Uwar garken da ke kula da wayoyin iPhone na ma'aikata tana miƙa ɗan saƙo ga Apple, Apple ya isar, wayar kuma ta tuntuɓi uwar garke ta tambayi abin da ake so. Intune yana yin haka da kwamfutocin Windows ta hanyar sanarwar Microsoft. A nan ma saƙon farkarwa fanko ne. Sai dai an shigo da wani na uku cikin lamarin: takardar shaidar da Apple ke bayarwa don wannan aiki shekara ɗaya take yi, kuma ma'aikatar da ta manta da sabunta ta za ta wayi gari wayoyinta duka sun daina amsa kiran farkarwa alhali babu abin da ya same su.

Nauyin da uwar garke za ta iya ɗauka shi ne ke yanke hukunci kan yawancin waɗannan saituna. A ɗauki ma'aikata mai na'urori 12,000. Idan kowace tana zuwa sau ɗaya a awa kuma lokutansu a warwatse suke, uwar garke tana karɓar 200 a minti, wajen uku a daƙiƙa, abin da ba zai dame ta ba. Idan aka rage jiran zuwa minti 5, sun zama 2,400 a minti, 40 a daƙiƙa. Idan kuwa jami'i ya zaɓi dukkansu ya danna farkarwa ba tare da warwatsawa ba, 12,000 ne za su taso cikin 'yan daƙiƙoƙi. Uwar garke ta cika, ta fara mayar da wasu, waɗanda aka mayar su sake dawowa su tarar da waɗanda ba a sallama ba, rumbun bayanai ya yi nauyi har allon jami'in ya daina buɗewa. Umarnin da ake gaggawar isarwa sai ya fi jinkiri da a ce an bar agogo ya yi aikinsa. Irin wannan turmutsitsi yana faruwa ko ba a danna komai ba, misali da safiyar Litinin, ko lokacin da wuta ta dawo a babban gini kwamfutoci ɗaruruwa suka kunnu tare. Maganinsa shi ne warwatsa lokaci, da sa wakilin da aka mayar ya tsawaita jiransa a kowane karo, da kafa ƙananan na'urorin karɓar wakilai a gaban uwar garke don su raba nauyin. Ana kuma ajiye ɗaya daga cikinsu a bakin intanet domin na'urorin da ke waje.

Akwai wakilin da ba ya amsa kira kuma ba ya zuwa da kansa, kuma shi ne abin damuwa na haƙiƙa. Danna maɓallin farkarwa a kansa sau ɗari ba ya gyara komai, domin kiran yana hanzarta haɗin da ke da lafiya ne kawai. Dalilan shirunsa sukan kasance cikin 'yan kaɗan. Ko an sauya suna ko adireshin uwar garke ba a sanar da shi ba. Ko takardar shaida ta ƙare. Ko agogon kwamfutar ya karkace: tsohuwar kwamfuta ta hannu wadda ɗan batirin cikinta ya mutu takan farka tana ganin shekarun baya ne, sai ta ɗauki takardar shaidar uwar garke a matsayin wadda lokacinta bai yi ba, ta ƙi haɗuwa. Wani sanannen dalili kuma shi ne kwafin faifai. Ma'aikacin da aka ba kwamfutoci 50 ya girka yakan shirya ɗaya ya kwafe ta a kan saura, idan kuma bai goge lambar shaidar wakili ba kafin ya kwafa, duka hamsin za su riƙa zuwa da lamba ɗaya. A allon jami'i sai a ga na'ura guda tana sauya suna kowane ɗan lokaci, sauran 49 kuma babu su. ePolicy Orchestrator yana gano hakan ta lambar jeri da ke ƙaruwa a kowane zuwa, idan ta zo a hargitse ya ƙi karɓa. Dalili na ƙarshe shi ne wanda ya fi muni: maharin da ya shiga na'ura yakan fara da kashe wakili ko toshe hanyarsa zuwa uwar garke. Saboda haka layin da ke nuna lokacin zuwan ƙarshe ya fi kowane layi a allon cancantar a duba shi kullum. Na'urar da aka san tana aiki amma wakilinta ya kwana uku bai leƙo ba, bincike take bukata, kuma kuskure ne babba a bar tsarin ya riƙa share irin waɗannan daga jeri da kansa don rahoto ya yi kyau.

Hanyar da ke isar da kariya cikin daƙiƙoƙi tana isar da ɓarna da irin wannan saurin. A ranar 21 ga Afrilu 2010 McAfee ya fitar da fayil ɗin gano ƙwayoyin cuta mai lamba 5958, wanda ya ɗauki svchost.exe, wani ginshiƙin Windows XP, a matsayin ƙwayar cuta. Kwamfutocin da suka karɓe shi suka shiga kashewa da kunnuwa, da yawa kuma suka rasa hanyar sadarwa. Ma'aikatun da tsarinsu ya fi saurin rarrabawa su suka fi jin jiki, kuma uwar garken da ta kai cutar ba ta iya kai maganin ba, domin wakilan sun riga sun yanke. Sai da ma'aikata suka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Shekara 14 bayan haka, ranar 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani fayil ɗin saiti ga wakilansa na Windows da ƙarfe 4:09 agogon GMT, ya janye shi da ƙarfe 5:27. A cikin wannan minti 78, na'urori kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft suka faɗi, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Waɗanda suke a kashe a wannan tazara sun tsira. Gyaran ya bukaci a shiga na'urori da yawa ɗaya bayan ɗaya ta yanayin gyara a goge fayil ɗin da hannu, waɗanda faifansu ke kulle da BitLocker kuma sai an nemo mabuɗin kowacce.

Waɗancan biyun kuskure ne. A ranar 2 ga Yuli 2021 kuwa da gangan aka yi: gungun maharan REvil ya sami rauni a Kaseya VSA, manhajar da kamfanonin kula da kwamfutoci ke gudanar da na'urorin abokan cinikinsu da ita, ya yi amfani da uwar garken wajen tura manhajar garkuwa da bayanai ga wakilai a matsayin sabuntawa. Kamfanonin da aka shiga kai tsaye ba su kai 60 ba, amma ɓarnar ta kai ga ƙananan kamfanoni har kusan 1,500, kuma shagunan Coop kusan 800 a Suwidin suka rufe saboda na'urorin karɓar kuɗi sun mutu. Wakili yana aiki da cikakken iko a cikin na'ura, kuma an gina shi ya yarda da uwar garkensa, don haka wanda ya mallaki uwar garke ya mallaki kowa. Wannan ya sa ba a barin allon gudanarwa a buɗe ga intanet, ana sa shaidar shiga mai mataki biyu, ana raba ikon duba rahoto da ikon tura ayyuka, ana kuma ajiye tarihin wanda ya tura me da yaushe a wata na'ura dabam.

Abin da ƙwararrun jami'ai suke yi shi ne bambanta umarni gwargwadon abin da zai biyo baya idan an yi kuskure. Killace na'ura ɗaya da ake zargi, ko toshe wani fayil da aka tabbatar mugu ne, ko neman rahoto, waɗannan sun cancanci hanya mafi sauri, kuma ko an yi kuskure ɓarnar ba ta da faɗi. Killacewar ma an tsara ta ne ta yanke na'urar daga kowa ban da uwar garke, domin a iya bincikarta a kuma sake ta daga nesa. Sabuwar sigar wakili, ko sabuwar ƙa'ida da za ta shafi kowa, ko sabuntawar da ke taɓa zuciyar tsarin kwamfuta, waɗannan ana tura su rukuni-rukuni: 'yan na'urorin gwaji da farko, sannan sashen fasaha, sannan wasu rassa, a jira a ga sun ci gaba da zuwa lafiya kafin a saki saura. Idan rukunin farko ya karɓi sabuntawa ya yi tsit, a nan ake tsayawa. ePolicy Orchestrator yana da ma'ajiyar gwaji dabam da ta kowa, da kuma ta sigar baya don komawa, kuma bayan abin da ya faru a 2024 CrowdStrike ya koma tura irin wancan fayil ɗin mataki-mataki, ya kuma ba abokan cinikinsa ikon zaɓar lokacin da na'urorinsu za su karɓe shi.